Zuwa ga shugabannin BBC a Landan: ƙorafina kan yadda kuka yi da Gary Lineker

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa.

Ni mai sauraronku ne daga Kano, kuma na san wani zai ce ina ruwan Bakano da rigimar Turawa tunda ko sisin kwabo ba na biya na lasin talabijin ɗin da mutanen Birtaniya ke biya, to amsata ita ce tun 1957 kuka buɗe sashen Hausa kuna shigowa gidajenmu safe da rana da dare kuna neman mu yarda da ku, kuma mun yarda, har ta kai in ana musu a majalisa aka ce BBC ce ta faɗa shi kenan an rufe zance. Wanda ya ba ku amana irin wannan ai yana da bakin magana in ya ga kun karkace.

Maganata kan Gary Lineker ce, tsohon ɗan ƙwallon Ingila da ya daɗe yana gabatar muku da shirin ƙwallo a talabijin, da kuma yadda kuke hukunta ma'aikatanku a kan abin da suka rubuta a shafukansu na kansu. Wallahi ma'auninku biyu ne, kuma shi ne abin da ya tsaya min a rai.

A ranar 7 ga Maris 2023 Suella Braverman, lokacin tana ministar cikin gidan Birtaniya, ta fitar da bidiyo kan sabuwar dokar da za ta sa duk wanda ya tsallako teku a ƙaramin kwalekwale a kama shi a kora, ba ma za a saurari neman mafakarsa ba. Lineker ya hau Twitter ɗinsa ya ce wannan zalunci ne kan mutanen da ba su da gata, kuma irin kalaman da ake amfani da su sun yi kama da na Jamus a shekarun 1930. Shi kenan fa laifin. Bai zagi ƙabilar kowa ba, bai taɓa addinin kowa ba, bai faɗa a cikin shirin ƙwallo ba, gwamnati ya soka a shafinsa da wayarsa. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ce dokar daidai take da haramta neman mafaka, kuma a Nuwamban shekarar kotun ƙolin Birtaniya ta ce shirin kwasar masu neman mafaka a kai Ruwanda ya saɓa doka. Amma 'yan majalisar Conservative, jam'iyyar da ke mulki a lokacin, na fara hayaniya sai kuka rikice, ranar 10 ga Maris ɗin kuka ce ya dakata da gabatar da Match of the Day, shirin ƙwallon da yake riƙe da shi tun 1999.

Kuma mutanen cikin kwalekwalen nan ba baƙinmu ba ne, akwai 'yan Sudan akwai 'yan Eritiriya, da yawansu sai da suka sha azabar sahara da ta Libiya kafin su ga bakin tekun, mu da muke jin labarin hanyar Agadas mun san me ake nufi. Mutumin da ya taɓa saukar ɗan gudun hijira a cikin gidansa ya buɗe baki saboda su, sai ku ce ya karya dokar rashin ɗaukar ɓangare? Haba dai.

Abin da ya biyo baya kun fi ni sani. Abokin aikinsa a shirin, Ian Wright, ya ce ba zai zo ba, ɗaya abokin aikin nasa Alan Shearer ya ce shi ma haka, masu sharhi suka janye, ranar Asabar kuka nuna shirin na minti 20 babu mai gabatarwa babu sharhi, sai ihun 'yan kallo kawai. Ranar Litinin 13 ga wata Tim Davie, babban daraktanku a lokacin, ya fito ya ba da haƙuri aka mayar da Lineker. To in da gaske laifi ya yi me ya sa kuka dawo da shi cikin kwana uku, in kuma bai yi ba me ya sa kuka dakatar da shi tun farko? Ni dai abin da na gani shi ne matsin 'yan siyasa ya sa kuka cire shi, matsin abokan aikinsa ya sa kuka mayar da shi, ita dokar taku tana gefe ba wanda ya duba ta.

A daidai lokacin nan fa shugaban hukumar gudanarwarku Richard Sharp, wanda ya ba jam'iyyar Conservative gudummawar fam 400,000, ana cikin bincikensa kan rawar da ya taka wajen haɗa Boris Johnson, lokacin yana firaminista, da hanyar samun lamunin fam 800,000 gab da a naɗa shi Sharp ɗin kan kujerar, sai a Afrilu ya sanar da murabus. Shi kansa Tim Davie ya taɓa tsayawa takarar kansila a Conservative a shekarun 1990. Ban ce laifi ne mutum ya taɓa yin siyasa ba, amma gidan da manyansa suke haka ba shi da bakin da zai ce wa mai gabatar da ƙwallo kar a ji ra'ayinsa. Laifi tudu ne, kun taka naku kun hango na wani.

Sai wanda ya fi ƙona min rai, Alan Sugar, attajirin nan mai gabatar da shirinku na The Apprentice. A Yunin 2018 ana gasar kofin duniya a Rasha, Senegal ta doke Poland da ci 2 da 1, duk Afirka muna murna, sai bawan Allahn nan ya sa hoton 'yan wasan Senegal an haɗa musu da tabarau da jakunkuna a gabansu wai ya gane wasunsu, 'yan talla ne a bakin teku a Marbella ta ƙasar Sifaniya. Su Sadio Mane fa. Da farko ma cewa ya yi shi abin dariya ne, sai da aka yi masa ca ya goge ya ba da haƙuri, kuma shi kenan, ba a dakatar da shi ko na kwana ɗaya ba, shirinsa ya ci gaba. A shekarar dai ya sa hoton da aka haɗa Jeremy Corbyn, madugun 'yan adawa a lokacin, zaune kusa da Hitler a mota. Wato shi ya kawo Hitler ɗin da kansa ba komai, wani ya ambaci Jamus ta 1930 a kan gwamnati mai ci sai gari ya tashi. In wannan ba mowa da bora ba ne to ku gaya min sunansa.

Kar ku ɗauka ina cewa ma'aikaci ya faɗi duk abin da ya ga dama kamfani ya yi shiru. A'a. Abin da ya faru a Mayun 2025 daban ne, Lineker ya yaɗa wani bidiyo a Instagram kan aƙidar Sahyoniyanci da ke ɗauke da zanen ɓera, kuma kowa ya san da irin wannan zanen 'yan Nazi suka riƙa kwatanta Yahudawa kafin su karkashe su. Ya goge, ya ba da haƙuri, ya ce bai lura da zanen ba, ranar 25 ga watan ya yi shirinsa na ƙarshe, ga shi har gasar kofin duniya ta 2026 da aka shirya zai gabatar ta wuce shi. Zuciyata tana tare da mutanen Gaza kuma ba na ɓoyewa, amma wannan zanen ba zan kare shi ba, wanda miliyoyin mutane ke bibiya dole ya duba abin da yake turawa. Wulaƙanta wata al'umma saboda jininsu ko addininsu abu ne da kamfani ke da haƙƙin ɗaukar mataki a kai, na yarda ɗari bisa ɗari. Tambayata ita ce 'yan Senegal ba al'umma ba ne? Me ya sa haƙurin Sugar ya wadatar na Lineker bai wadatar ba?

Mu nan mun san ɗacin irin wannan. Salihu Tanko Yakasai, mai ba gwamna Ganduje shawara kan yaɗa labarai, an dakatar da shi a Oktoban 2020 saboda ya soki Buhari a Twitter, a Fabrairun 2021 da aka sace 'yan matan makarantar Jangebe ya sake magana sai aka kore shi gaba ɗaya har DSS suka tsare shi. Shi wannan ma a ce muƙamin siyasa ne, gwamna ya ɗauko shi gwamna ya sauke shi. Ku kuwa kullum cewa kuke ba ku ƙarƙashin gwamnati, to ran da wani gwamna a nan zai sa gidan rediyo ya kori mai gabatar da shiri saboda abin da ya rubuta a Facebook, da wane baki za ku yi labarin alhali zai iya cewa ai ku ma kun yi a Landan?

Na san a Satumban 2023 kun fito da sabbin ƙa'idoji bayan bitar da kuka sa tsohon shugaban gidan labarai na ITN, John Hardie, ya yi, cewa masu gabatar da manyan shirye-shirye za su iya faɗin ra'ayi kan al'amura amma ban da goyon baya ko kai hari kan jam'iyya. To madalla, amma wannan da kansa ya nuna dakatarwar Maris ɗin ba ta da tushe, kuma abin da nake so ku fito ku faɗa kenan ƙarara.

Mai karanta labarai da wakilin siyasa, su kam na yarda su kame bakinsu don aikinsu kenan. Amma mai shirin ƙwallo ko girki ko waƙa ku bar shi ya soki gwamnati yadda kowane ɗan ƙasa ke yi. In za ku hukunta cin mutuncin wata al'umma ku hukunta kowa daidai, na Bayahude da na Basenegale da na Musulmi, kuma duk hukuncin da kuka yanke ku wallafa dalilinsa da sashen dokar da aka karya, har da Hausa a shafinku, don mu ma mu karanta.

Ina jiran amsarku.

Naku mai sauraro,
daga Kano