Rahoton Ayyukan Shekara: Abin da Muka Haɗa, Abin da Ya Ƙone, da Abin da Ya Rage

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobin ƙungiyarmu ta masu haɗa kayan lantarki.

Wannan rahoto ya makara, na sani. Na riƙe shi ne ina jiran masu cewa "gobe zan turo" su turo kuɗin shekara, don kada in rubuta giɓin da kuɗi suka riga suka cike. Goben ba ta zo ba, shi ya sa na rubuta shi a haka.

Tarukan wata-wata an yi su yadda aka saba, kuma waɗanda ke zuwa su ne dai waɗanda ke zuwa.

Abin da ya fitar da mu kunya a bana shi ne ranar koyarwa da muka buɗe wa sababbin shiga, kuma a kanta zan daɗe, don ta cancanta. Tun da farko mun yanke shawarar ba za a tsaya gaban allo ana zuba bayani ba. Kowane teburi aka ba shi allon gwaji, batir mai bolt 9, ƙwan LED ja, da 'yan resista a leda. Kafin shugaba ya gama gaisuwa wani matashi ya riga ya jona ƙwan kai tsaye a batir. Ya yi wal sau ɗaya, ya mutu, aka bar shi riƙe da shi yana juyawa. Da mun shirya hakan da gangan ma ba zai yi daidai haka ba, domin daga nan darasin ya tashi. Ƙwan LED ja bolt 2 ko kusa da haka yake buƙata, kuma wutar da ke ratsa shi bai kamata ta wuce miliamfiya 20 ba. Ragowar bolt 7 dole wani abu ya shanye su, aikin resista ke nan. Aka raba 7 da 0.02 (wato miliamfiya 20 ɗin a ma'aunin amfiya), aka sami om 350 (om shi ne ma'aunin ƙimar resista), aka ɗauko mai om 390 da ke cikin ledar. Lissafin da Georg Ohm ya wallafa a 1827 ke nan, kuma ban taɓa ganin an fahimce shi da sauri kamar ranar ba, saboda kowa na ganin gawar ƙwan a kan teburi. Gani ya kori ji.

Karatun launukan jikin resista ya ɗan ci lokaci. Zobe biyun farko lambobi ne, na uku yawan sifilin da za a ƙara, na ƙarshe mai ruwan zinare kuma yana nufin ƙimar na iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari. Mai ruwan lemo, fari, ruwan ƙasa shi ne 390. Rawaya, shunayya, ruwan ƙasa shi ne 470. Matsalar ita ce a ƙarƙashin fitila ja da ruwan ƙasa da ruwan lemo duk kama suke yi, har ni da na daɗe a harkar. Wata 'yar uwa da ta zo karon farko ta ce to me ya sa ba za a auna da mita kawai ba? Gaskiyarta. Muka miƙa mata mitar, ta zama mai aunawa ta yinin.

Kafasita ce ta fi burge su. An jona mai mikrofarad 1000 a gefen ƙwan da resistarsa, aka cire batir, sai ƙwan ya ƙi mutuwa nan take, ya riƙa dusashewa a hankali kamar mai jin barci. Ba sai an ce musu tana ajiye caji tana sakewa ba, sun gani da idonsu. A teburi na ƙarshe kuwa an juya ƙafafunta, duk da an nanata cewa zanen da ke gefenta yana nuna ƙafar negatif, doguwar ƙafa kuma fozitif ce. Ta yi zafi, kanta ya kumbura, wari ya tashi. Allah ya taimaka an zare batir da wuri. Na ajiye ta a akwati don nuna wa 'yan baya.

Bayan hutu aka shiga taransista. Mun yi amfani da BC547, mai ƙafa uku, aka haɗa fitilar da ke kunna kanta idan duhu ya yi. Dabarar ba ta da yawa: akwai resista mai jin haske da ƙimarta ke hawa sosai a duhu, to idan ta hau sai ƙarfin wutar da ke ƙafar tsakiya ya kai kusan bolt 0.7, 'yar wuta kaɗan ta shiga ta nan, ita kuma ta buɗe wa babbar wuta hanya ta sauran ƙafafu biyun. Wani dattijo da ya rako ɗansa, wanda tun safe yake zaune a baya bai ce uffan ba, ya taso ya rufe na'urar da tafin hannu, ƙwai ya kama. Ya ɗaga, ya mutu. Ya yi haka ya fi a ƙirga, sannan ya juyo ya tambaye ni ko wannan ɗan abu ne ke cikin wayarsa. Na ce irinsa ne, sai dai can biliyoyi ne a guntun da bai kai farce ba, kuma na farkonsu an haɗa shi ne a ɗakin binciken Bell a Amurka a 1947. Ya yi rajista kafin ya tafi, kuma ya biya kuɗin shekara a tsaye. Ina fata wasu tsofaffin mambobi sun ji wannan.

Teburi biyu sun kai ga guntun 555 mai ƙafa takwas, wanda ke ƙayyade lokacin kunnawa da kashewa. Da resista mai om 1,000, wata mai om 68,000 da kafasita mai mikrofarad 10, ƙwan ya riƙa ƙiftawa kusan sau ɗaya a daƙiƙa. Da aka canza kafasitar zuwa babba sai ƙiftawar ta yi nauyi. Sai da muka roƙe su kafin suka tashi.

Yanzu ga inda ake ta yi mini tambaya: akwatin ba da wuta na gwaji da muka yi alkawari bara. Bai kammalu ba. Na ji ana cewa kwamiti ya yi sakaci, don haka bari in faɗi inda aka tsaya. Taransifoma mai bolt 12 tana nan. Dayod huɗu 1N4007, masu barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai, an haɗa su an dalmace, suna miƙar da wutar da ke kai da komo. Kafasitar da ke lallashe tudu da kwarin wutar tana wurinta. A nan mita na nuna kusan bolt 16, shi kuma guntun 7805, mai daidaita ƙarfin wuta, aikinsa ya sauko da ita zuwa 5. Bolt 11 ɗin da ya rage zafi suke zama a jikinsa: a rabin amfiya, wat 5 da rabi ke nan, kuma ba tare da ƙarfen alminiyam mai janye zafi ba sai ya ɗau zafi ya yanke kansa. Ƙarfen ba mu saya ba, fis ba mu saya ba, akwatin rufewa ba mu saya ba. Akwai wanda ya ce a fara amfani da shi a buɗe. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Gefe ɗaya na taransifomar wutar soket ce kai tsaye, ga masu koyo suna miƙa hannu ko'ina. Batir mai bolt 9 ya ƙona ƙwai ne kawai, waccan kuwa mutum take kashewa.

Dalilin rashin sayen kuma ba ɓoyayye ba ne. Abin da ya shigo a bana ya tafi a batura, dalma, allunan gwaji da kayan ranar koyarwa, kuma ma'aji zai karanto komai dalla-dalla a taro, rasit na nan ga mai son dubawa. Mambobi da yawa ba su biya ba. Wasu na da uzuri sun kuma faɗa, waɗannan ba da su nake ba. Ina magana ne da masu karanta saƙo su yi shiru, sai wayarsu ko cajarsu ta lalace a gan su sun ɓullo da ita a hannu, a gyara musu da dalmar ƙungiya, su sake ɓacewa. Ni ma aikin sa kai nake yi, kuma na gaji da zama kamar mai bin bashi a wurin mutanen da nake girmamawa.

Ɗan littafin bayanin kayan lantarki da Hausa shi ma yana nan rabi. Babin resista da na dayod sun kammalu. Waɗanda suka ɗauki babin kafasita da na taransista ba su kawo ko layi ɗaya ba, kuma har yau ba a daidaita ba ko sunayen da masu gyara ke kira za a rubuta ko sababbi za a ƙirƙiro. Ni dai ra'ayina a rubuta abin da mutum zai faɗa a gane shi.

Mitarmu ta biyu tana hannun wani ɗan uwa tun kafin ranar koyarwa. Ba zan kama suna a nan ba. A dawo da ita a taro mai zuwa, tare da wayoyinta biyu, ja da baƙa. A wannan taron ne kuma za a zaɓi wanda zai karɓi aikin tattara kuɗin shekara, domin na sanar da shugaba cewa rubutu kaɗai zan ci gaba da riƙewa.

Wassalam,
Sakatare