Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Badujalar 'Yan Mazan Jiya a Bauchi

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an kammala gyaran ɗakin da 'yan mazan jiyanmu suke ajiye kayan badujala, suke kuma yin atisaye. Makulli yana hannun shugaban makaɗa.

Da muka buɗe ɗakin ranar farko, sai da jikinmu ya yi sanyi. Kwano ya yi tsatsa ya huje, gara ta cinye katakon rufi. Ruwan daminar bara ya yi ta ɗiga a kan babbar ganga har fatarta ta saki, in an buga sai ka ce katifa ake duka. Bigiloli kuwa cikin buhu muka tarar da su, danshi ya mai da su kore.

Masu tambayar me ya sa za a kashe kuɗi a kan ganguna, su tuna hannun da ya fara riƙe su. Dattawan da suka dawo daga ƙasar Bama (Burma) bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, su suka kafa wannan kiɗa, suka bar wa waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Yanzu har da waɗanda suka je Laberiya da Saliyo. Duk 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa, da su ake fita tunawa da waɗanda suka kwanta dama. In 27 ga Mayu ta gabato, su ke daidaita wa 'yan firamare takun faretin ranar yara, kyauta.

An sauya katako duka, an shafe shi da baƙin mai saboda gara, an buga sabon kwano da silin, an yi filasta da daɓe. Mun yi jinkiri, don wani dillali ya kawo mana kwano mai laushi kamar takarda. Kafinta ya lanƙwasa shi da yatsa biyu a gabanmu, muka mayar.

Inda muka fi jan gardama shi ne ragowar kuɗi. Yawancinmu fenti muke so, don wurin ya yi kyan gani ranar buɗewa. Wani tsohon saje, wanda da ƙyar yake tsayuwa sai da sanda, ya saurare mu tsaf, sannan ya ce, "'Ya'yana, fenti ba ya busa bigila. Ku ɗaga kayan daga ƙasa." Muka ce, "To, Baba." Aka kafa kantoci a bango, kowace ganga da mazauninta. Bangon waje dai yana nan da launin siminti, kuma ba mu yi da-na-sani ba.

Lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita yana manne a bayan ƙofa. Ba a ja wuta ba tukuna, babbar ganga kuma tana wurin mai ɗaurin fata. Atisaye zai ci gaba ranar Asabar bayan la'asar.