Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyar Maɗinka da Masu Kafa Labule

Assalamu alaikum. Shugaba, dattawan ƙungiya, 'yan uwa mambobi.

An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, sai na watan azumi da aka ɗage. An kai gaisuwar ta'aziyya da ta barka inda ya kamata.

Abin da ya fi faranta mana rai a bana shi ne bitar awo da lissafin kuɗin labule shara-shara. Ɗakin ya cika har wasu yaran shago suka tsaya ta taga, kuma dattawanmu biyu da suka jagoranta ba su karɓi ko sisi ba. Allah Ya saka musu da alheri. Saboda waɗanda ba su zo ba, kuma su ne suka fi kukan faɗuwa, ga abin da aka koyar.

A ɗauki taga mai faɗin ƙafa 4. Sandar labule za ta wuce ta da inci 6 kowane gefe, ta zama ƙafa 5. Labule mai kauri ninki biyu ya ishe shi, wato ƙafa 10, yadi uku da ɗan ɗoriya. Shara-shara kuwa ba shi da jiki, sai an ninka faɗin sandar sau biyu da rabi zuwa sau uku kafin tattarar ta fito, wato yadi 4 da 'yan kai zuwa yadi 5. Wanda ya yi wa mai gida farashi da lissafin ninki biyu, ko dai ya cika daga aljihunsa, ko ya kafa abu a miƙe kamar gidan sauro.

An kuma ja kunne kan bambancin yadi da mita. Yadi santimita 91 ne da ɗigo, mita kuwa 100. A mita 5 da yadi 5 akwai tazarar kusan santimita 43, kuma a gida mai tagogi goma wannan ya haura mita 4. Ku tambayi mai shago da wanne yake aunawa kafin ya sa almakashi. Yawancin bandir ɗin shara-shara tsayinsa santimita 280 ne, ana kwantar da shi ne a yanka tsawon da ake so ba tare da haɗi ba. Idan aka cire kalmasar sama da ta ƙasa, abin da zai sauka bai wuce 260 ba. Bangon da ya fi haka tsayi sai an juya yadin an yi haɗi, kuɗi ya tashi, ɗinkin kuma ya riƙa nunawa idan rana ta bugo. Shara-shara mai igiyar nauyi a gindi ba a taɓa ƙasansa, ta sama ake ragewa. A ɗinka da siririyar allura, lamba 9 ko 11, a sassauta zare, in ba haka ba gefen ya tattare.

Sai labule na naɗewa mai ratsi-ratsi, wanda ake kira dare-da-rana. Shi da murabba'in mita ake sayar da shi. Taga mai santimita 120 faɗi da 120 tsayi murabba'in mita 1.44 ce, amma idan a kan bango za a kafa, aka bar rarar 10 kowane gefe da 30 a tsayi, ya koma 140 sau 150, wato 2.1. Ƙarin ya kusa rabi, kuma a nan ne rigima da masu gida take farawa. Kafa shi cikin ramin taga ya fi arha, sai dai mariƙin taga da ƙarfen tsaro sukan tare shi. Idan maƙalai biyun da ke riƙe shi ba su daidaita da ma'aunin ruwa ba, yadin zai riƙa naɗewa gefe guda har bakinsa ya zare. A huda linta, wato kankaren da ke saman taga, kada a dogara da bulo mai rami.

Abu na ƙarshe da aka nanata: a faɗa wa mai gida tun farko cewa da dare, in aka kunna fitila, na waje yana ganin na ciki ta cikin shara-shara. Ɗakin iyali dole a haɗa da labule mai kauri da sanda mai layi biyu, kuma wannan ya shiga lissafi tare da zobba, kuɗin ɗinki, kuɗin kafawa da na mota. A gaya wa uwargida ta wanke da ruwan sanyi bayan ƙurar hunturu, kada ta murɗe, ta rataye shi da danshinsa. Dutsen guga mai zafi narka shi yake yi.

Yanzu ga abin da bai yiwu ba. Sayen bandir na haɗin gwiwa daga dilolin Kantin Kwari bai tabbata ba, kuma muna jin ana cewa kwamiti ya yi barci. Kwamiti bai yi barci ba. An je an yi ciniki, dila ya ba da wa'adi, wa'adin ya cika asusu bai kai ba. Kowa ya san wannan yadi daga Sin da Turkiyya ake shigo da shi, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, babu dilan da zai riƙe maka farashi kana jiran mutane su ga dama. Dalilin da ya sa takardar farashi na bai ɗaya ba ta fito ba ke nan: duk wadda aka rubuta, kafin a buga ta tsufa. Shawararmu ita ce a daidaita kuɗin ɗinki da na kafawa kawai, a bar kuɗin yadi ya bi kasuwa.

Injin huda zobba da aka yi alkawari shi ma yana nan a takarda. Fiye da rabin mambobi ba su kammala kuɗin wata ba. Ma'aji yana barin shagonsa ya bi mutane, a ce masa ya dawo gobe, alhali aikin sa kai yake yi. Abin takaici, wasu da ba a ganinsu a taro su ne na farko wajen turo awon taga a WhatsApp suna neman a yi musu lissafi.

Littafin ma'aji a buɗe yake ga mai son dubawa. Za a karanta sunayen masu bashi a taro mai zuwa, kuma wanda bai biya ba kafin ranar ba zai shiga rabon bandir ba idan an sayo.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamiti