Dashen Ƙwai: Wa Zai Amsa wa Yaron da Ya Tambayi Ubansa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan wani al'amari da aikina na jinya a Ingila ya sa na san shi da kyau, wato yadda mata biyu masu auren jinsi ke neman haihuwa ta hanyar asibiti a wannan ƙasa, da kuma abin da hakan ya tuna mini game da gida.

Matsayin addininmu kan auren jinsi sananne ne, haka ma dokar Najeriya da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, saboda haka ba muhawarar da na zo tayarwa ke nan ba. Abin da ya dame ni shi ne yaron da ake haifa da maniyyin wani mutum na uku, ko su wane ne suka rene shi.

Mata biyu ba su da hanyar samun ciki sai da maniyyin wani namiji, kuma asibitoci a nan suna bin ɗaya daga hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a tace maniyyin a zuba shi cikin mahaifa da siririn bututu a ranakun da ƙwai ke sauka. Ta biyu ita ce dashen ƙwai da ake kira IVF, inda mace ke shan allurai na kusan mako biyu domin ƙwayayenta su nuna da yawa, a ciro su, a haɗa su da maniyyi a ɗakin gwaji, sannan bayan kwana uku zuwa biyar a mayar da ɗaya cikin mahaifa. Wasu kan raba aikin, ɗaya ta ba da ƙwai, ɗaya ta ɗauki cikin. Ba abu ne mai sauƙi ba, domin zagaye ɗaya na dashen kan ci fam 5,000 ko fiye a asibitin kuɗi, ba lallai kuma ya kama ba, kuma a yankuna da dama na Ingila sai matan sun biya kuɗin gwada ɗaukar ciki sau da yawa daga aljihunsu kafin hukumar lafiya ta NHS ta ɗauki nauyinsu. Na ga masu kuka a ɗakin jira bayan gwaji na huɗu ya zo babu komai, kukan kuwa bai bambanta da wanda na sha gani a gida wajen matar da dangin miji suka fara yi mata habaici ba.

To amma abin lura shi ne, su waɗannan mata ba su da halin ɓoye wa yaro cewa akwai wani namiji a asalinsa, domin tun yana ƙarami zai gane. Dole maganar ta fito fili, doka kuma ta tanadi amsarta. A Oldham ta ƙasar nan aka haifi Louise Brown, jaririyar farko ta dashen ƙwai, ranar 25 ga Yulin 1978, sai dokar 1990 ta kafa hukumar HFEA wadda ke ba asibitoci lasisi, take kuma riƙe da rajistar duk wanda ya ba da maniyyi ko ƙwai da duk yaron da aka haifa da su. Daga Afrilun 2005 aka daina karɓar kyautar maniyyi a ɓoye. Yaron da aka samu cikinsa bayan wannan lokaci, idan ya kai shekara 16 yana iya tambayar yawan 'yan ubansa, idan ya kai 18 kuma a ba shi sunan mutumin da ranar haihuwarsa da adireshinsa na ƙarshe da aka sani. Rukunin farko sun kai wannan shekaru a 2023. An kuma ƙayyade cewa maniyyin mutum ɗaya ba zai wuce iyali goma ba a cikin ƙasar. Faransa ma, da ta buɗe wa mata masu auren jinsi da marasa aure wannan ƙofa a Agustan 2021, a cikin dokar guda ta ba yaran haƙƙin sanin asalinsu idan sun girma.

Ba don raha aka yi waɗannan ƙa'idoji ba. A ƙasar Holan gwajin DNA ya tabbatar a 2019 cewa wani likita mai suna Jan Karbaat ya yi amfani da nasa maniyyin ya haifi yara 49 ba da sanin iyayensu mata ba, a 2023 kuma kotu a can ta hana wani mutum ci gaba da ba da maniyyi bayan an ƙiyasta 'ya'yansa sun haura 550. Duk wanda ya san hukuncin muharrami zai ji tsikar jikinsa ta tashi, domin wa da ƙanwa na iya haɗuwa a jami'a ɗaya ba tare da sun san juna ba.

Yanzu mu dawo gida. Dashen ƙwai ba baƙo ba ne a Najeriya, tun 1998 Dakta Ibrahim Wada ya yi nasararsa a Abuja, yau kuma asibitocin suna ta ƙaruwa. Malamai ba su bar mu a duhu ba: fatawar Azhar ta 1980 da matsayar Majalisar Fiƙihun Musulunci da ta zauna a Amman a 1986 sun halatta dashen tsakanin miji da matarsa muddin auren yana nan, suka haramta shigo da maniyyi ko ƙwai ko mahaifar wani na uku, saboda kare nasaba. Sai dai fatawa ba ta shiga ɗakin gwaji ta duba kwalba. Babu cikakkiyar dokar tarayya kan wannan sana'a, babu rajistar ƙasa, kuma jihar Legas ce ta fitar da nata ƙa'idojin a 2019. A wurinmu kuwa ɓoyewa tana da sauƙi ƙwarai, tun da akwai miji a gida, kuma namijin da gwaji ya nuna matsalar daga gare shi take zai fi son a rufa masa asiri da a ce ba ya haihuwa. Wani lokaci ma matar ce ke zuwa ita kaɗai saboda tsoron kishiya. Ma'auratan da suka tsaya kan halal su ma ba su tsira ba, domin ba su da wata hukuma da za ta tabbatar musu cewa abin da aka dasa nasu ne, sai dai amanar likita. Ranar da rigimar gado ta kai wani gaban alƙali aka nemi gwajin jini, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba shi zai sha kunyar.

Ina kira ga 'yan majalisarmu na tarayya da na jihohi da su yi dokar da za ta wajabta lasisi ga kowane asibitin dashen ƙwai, da shaidu biyu na ma'aikata a duk lokacin da za a taɓa ƙwai ko maniyyi, kamar yadda ake yi a nan, da rubutacciyar yardar miji da mata kafin a fara komai. Inda kuma addinin mutane ya yarda musu da karɓar kyautar maniyyi, to a rubuta sunan mai bayarwa a ajiye, a ƙayyade yawan gidajen da zai shiga. Malamanmu ma ya kamata su riƙa faɗa wa maza a kan mumbari cewa zuwa gwaji tare da iyali ba abin kunya ba ne, domin sau da yawa matsalar namiji tana da magani, akwai ma dabarar da ake ɗaukar ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak daga jikin mijin a cusa ta cikin ƙwan matarsa.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya, daga Ingila