Zuwa ga Mamana, yanzu da kika fara zama da masu matsalar ji

Assalamu alaikum Mamana, ya aiki ya sabon wuri, da fatan kin fara sabawa. Na so in kira ki amma kin san yadda waya ta zame min yanzu, rabin maganarki nake ji rabin kuma ni ke cikewa da kaina, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta miki a tsanake.

Tun ranar da kika ce min an ba ki ɗakin gwajin ji kin fara ganin marasa lafiya ke kaɗai nake ta juya wata magana a raina, maganar da ban taɓa ba ki cikakkiya ba saboda lokacin kina ƙarama. Daren da ƙarar nan da nake ji a kunne ta fara min wallahi na ɗauka gyare ne ya shigo ɗaki, na tashi da tocila ina leƙa ƙarƙashin gado ina ɗaga tabarma, har na tashi mahaifiyarki na ce ba ki jin abin nan? Ta yi shiru ta saurara ta ce ita ba ta jin komai. Na toshe kunnuwana da yatsu sai ma ƙarar ta ƙaru, a nan gabana ya faɗi don na gane a cikin kaina take. Shekaru na yi ina aiki a gefen injina ba abin toshe kunne, ba wanda ya ce mana komai, mu ma ba mu tambaya ba.

Da na je asibiti wanda na gani ya haska kunnen da ƴar fitilarsa, ko minti biyar ban yi a gabansa ba ya ce kunnenka lafiya lau, ba abin da za a yi, sai dai ka yi haƙuri. Mamana wannan maganar ta fi ƙarar kanta yi min illa. Wata da watanni ba na barcin kirki, ina faɗa da ku ba gaira ba dalili, har na fara tunanin ko taɓuwa zan yi, tunda ga abu ina ji dare da rana amma an ce min babu shi.

Sai da kika shiga karatun nan sannan na san me ke damuna, kin tuna da kika zana min a bayan takarda? Wani ɗan abu a can cikin kunne mai nannaɗe kamar dodon koɗi, da ƙananan gashi dubbai a cikinsa masu kai saƙo ga ƙwaƙwalwa, idan ƙara mai ƙarfi ta kashe su ba sa sake tsirowa, ita kuma ƙwaƙwalwa da ta ji saƙo ya ragu sai ta ƙara murya kamar rediyon da ya ɓace tasha. Bayanin minti goma ne fa, amma a daren na yi barci. Ƙarar ba ta tafi ba har yau, sai dai ta daina ba ni tsoro, ga fanka da kika ce in riƙa bari tana juyawa da daddare, ga na'urar jin da kika matsa min na saka, yanzu sai in yini ban tuna da ita ba.

To abin da nake roƙonki kenan, duk wanda ya zauna a gabanki ya ce yana jin ƙara ki yarda da shi, ko da takardar gwajinsa ta fito tas. Kar kalmar ba abin da za a yi ta fito daga bakinki. Gaskiya ne yawanci babu ƙwayar da za a haɗiya ta ɗauke, ki faɗa masa hakan kar ki yi masa ƙarya, amma ki faɗa masa sauran gaskiyar ma, cewa akwai dabarun da ke sa a samu sauƙi kuma da yawa sun samu.

Akwai abin da littafi ba zai nuna miki yadda yake a jikin mutum ba. Idan kika rufe mu a ɗan ɗakin nan da ba ya shigar da sauti, kika ɗora mana abin kunne kika ba mu maɓalli, shirun wurin ƙara tayar da ƙarar yake, sai mutum ya rasa wanne ne sautinki wanne ne nasa, ya yi ta dannawa yana jin kunya. Ki riƙa sa sautin gwaji mai yankewa yana dawowa, ya fi sauƙin ganewa. Kuma in za ki yi magana ki fuskanci mutum ya ga bakinki, kar ki ɗaga murya, mu ba ƙarfin murya muka rasa ba, sirarran sautuka irin su s da f da sh ne suka fara guduwa, muna jin ana magana amma kalmomin a cakuɗe. Ki yi magana da shi mai kunnen, ba da ɗan rakiyarsa ba, wannan yana ciwo sosai.

Kin fi ni sani amma zan maimaita, wanda ji ya ɗauke masa farat ɗaya a kunne guda kar ki ba shi ranar dawowa, a ranar ki tura shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro don maganin ya fi aiki a makonni biyun farko. Haka mai ƙara a gefe ɗaya kawai, ko mai bugawa daidai da bugun zuciya. Ki tambayi magungunan da mutum ya sha ko aka yi masa allura, irin su jentamisin da kwinin suna taɓa kunne.

Aikin zai yi miki yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke buƙatar kulawa kan raunin ji, ku kuma ƴan kaɗan ne. Dama sana'ar taku bayan yaƙin duniya na biyu ta kafu sosai, lokacin da sojoji suka koma gida bama-bamai sun lalata musu kunne, to kin ga tun asali don waɗanda suka dawo da rauni aka yi ta. Don haka ranar da aka fara nuna miki cewa yawan na'urorin da kika sayar shi ne ƙoƙarinki, ki tsaya a kan abin da mutum ke buƙata ko da mafi araha ce, ko da wanke dattin kunne ne kawai matsalarsa.

Ki yi wa ƙaninki magana don Allah, ni ya gaji da jin bakina, kullum iyafis a kunne har ina wucewa ina ganin ba ya jin kira. Ke kika ce min ƙara mai desibel 85, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, awa 8 ne iyakarta a rana, in ta kai 88 ya koma awa 4, ki zana masa a takarda yadda kika zana min.

In za ki zo ki taho da kayan aikinki, na'urar hagu ta fara yi min fito duk sanda na tauna abu ko na juya kai. Allah Ya yi miki albarka Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi.

Babanki.