Ina za a zuba lakar zinare?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka mai farin jini.

Tun da Ministan Ma'adinai Dele Alake ya sanar da ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disambar 2024, haramcin da aka kafa tun Afrilun 2019, hirar teburin mai shayi ba ta wuce lasisi da kuɗin shiga da wane kamfani ne zai zo ba. Har yanzu ban ji wanda ya tambayi inda za a zuba ragowar ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin wankin zinare ya san buhunan dutse nawa ake niƙewa kafin a sami abin da bai cika cokalin shayi ba. Saura kuma laka ce, a gauraye da dalma da zaibar da aka kama zinaren da ita. Ana tara ta a rami bayan injin niƙa, a tokare bakin da buhunan yashi. Awaki su sha ruwan. Yara su yi wanka. Da rani iska ta kwashi ƙurar zuwa cikin gidaje, da damina ruwan Agusta ya ɓalle buhunan ya gangara da ita fadama.

Mu ba ma buƙatar a yi mana bayanin dalma. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a Dareta da 'Yargalma da sauran ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yara sama da 400 suka rasu. Sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida ana binnewa, garin Bagega kuwa ya jira har 2013 kafin kuɗin aikinsa su fito. Wannan fa ɓarnar turmi ce da ƙananan injuna.

Babban kamfani kuma tafki guda yake yi wa lakarsa, ya datse da bango. Hanya mafi araha ita ce duk lokacin da tafkin ya cika a ɗora sabon bango a kan tsohuwar lakar da ta daskare. Idan ruwa ya jiƙa ta sosai, sai ta koma kamar kunu, bangon ya zame gaba ɗaya. Haka ta faru a Brumadinho ta ƙasar Birazil ranar 25 ga Janairun 2019. Da tsakar rana ne, ma'aikata na cin abinci, laka ta binne mutum 270. Madatsar ma an daina zuba mata shara, kuma watanni kaɗan kafin nan masu duba ta sun sa hannu cewa lafiya lau take. Daga baya Birazil ta haramta irin wannan gini. A Fabrairun 2025 wata madatsar laka ta fashe a Zambiya, guba ta shiga Kogin Kafue, kifaye suka mutu, aka rufe ruwan famfon birnin Kitwe.

To, Gulbin Zamfara ta Anka da Bukkuyum da Gummi yake bi ya shiga Kebbi. Abin da ya zubo a nan, mai shinkafa da masunci na can ne za su sha.

Roƙona ga Gwamna Dauda Lawal da hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA: kada a bar kamfani ya kafa inji sai ya nuna wa hakimi da masu unguwanni, a fili ba a ofis ba, inda tafkinsa zai zauna da ƙauyen da ke ƙasansa. A hana ɗora bango kan laka. Kuma ya ajiye kuɗin rufe wurin tun kafin ya fara, domin ranar da zinare ya ƙare zai naɗe kayansa ya bar mana tafkin. Ramukan da ke bayan injuna yanzu kuwa, a turo ma'aikatan muhalli su ƙirga su kafin ruwan bana ya sauka.

Naka,
Wani mai karatu daga Anka, Jihar Zamfara