Rahoton Ayyukan Shekara: Daga Sakatare Zuwa ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum iyayenmu na kwamitin amintattu, shugaba, da sauran 'yan uwa mambobi maza da mata.

Kamar yadda tsarin mulkin ƙungiyarmu ta masu sa kai kan lafiyar jama'a ya tanada, ga bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare, da abin da muka ɗauko muka kasa kaiwa gaci. Na san an yi ta tambayar dalilin da ya sa rahoton ya makara. Na so ne in haɗa shi da cikakken lissafin ma'aji, shi kuwa ma'aji bai iya rufe littafinsa ba, don har makon jiya yana jiran waɗanda suka yi masa alkawarin biyan bashin kuɗin wata. Da muka ga jiran ba shi da ranar ƙarewa, sai shugaba ya ce a fitar da shi haka nan.

An yi tarukan wata-wata, ban da guda biyu da aka ɗage saboda mahalarta ba su kai adadin da za a yanke shawara ba.

Abin da ya fi faranta mana rai a bana shi ne awon hawan jini kyauta da muka shirya don Ranar Hawan Jini ta Duniya, wadda ake yi kowace 17 ga Mayu. Waɗanda suka zo sun gani da idonsu, amma zan yi bayani dalla-dalla saboda waɗanda ba su zo ba, kuma su ne suka fi yawa. Tun ana saura mako biyu, 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya ta riƙa zuwa bayan ta tashi daga aiki tana koya wa masu sa kai yadda ake awo. Da yawanmu mun ɗauka ɗaura na'ura a hannu da danna maɓalli shi ne aikin. Ashe sai mutum ya zauna ya huta na minti 5 tukuna, bayansa a jingine, tafin ƙafafunsa a ƙasa ba tare da ya harɗe su ba, hannunsa a kan tebur daidai saitin zuciya, kuma ba ya magana har na'urar ta gama. Ta nuna mana cewa idan abin ɗaurawar ya yi wa damtse ƙanƙanta, lambar za ta fito sama da gaskiya, mu tayar wa mutum hankali a banza. Ta kuma ja mana kunne sosai: mu ba likitoci ba ne, ba mu da ikon ce wa kowa yana da hawan jini, balle mu ambaci sunan magani. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a sake gwada shi bayan ya huta, in ya maimaita a ba shi takardar zuwa asibiti, domin ba a tabbatar da cutar sai an auna a ranaku daban-daban.

Ran nan tun da sassafe aka kafa rumfa, aka jera benci, ɓangaren mata daban na maza daban. Mun yi zaton za mu yi ta roƙon mutane su tsaya, sai ga shi kafin rana ta ɗaga layi ya wuce inuwar rumfar, har sai da matasanmu suka je aro ƙarin kujeru don tsofaffi. Batirin na'ura ɗaya ya mutu ana tsakar aiki, wani mamba ya ciro na fitilarsa ya sa, aka ci gaba.

Akwai wani dattijo da ba zan manta da shi ba. Shi ba awo ya zo yi ba, matarsa ya rako, ya tsaya gefe yana jiranta. Da aka ce, "Baba, ku zauna ku ma a duba ku," sai ya yi dariya ya ce shi ko ciwon kai bai sani ba. Da ƙyar ya yarda. Yaron da ya ɗaura masa na'urar ya kalli lambar, ya kalle ni, bai ce uffan ba, ya tashi ya kira ma'aikaciyar jinya. Lambar sama ta haura 180. Ta ba shi ruwa, ta bar shi ya huta, ta sake aunawa a ɗaya hannun, abin bai sauka ba. Ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Baba, ina roƙonku, yau ɗin nan za ku ga likita, kada ku bari sai gobe." Mataimakin shugaba ne ya ɗauke shi a motarsa. Bayan 'yan makonni sai ga dattijon ya neme mu, riƙe da katin asibitinsa a cikin leda, ya ce ya zo ne kawai ya nuna mana yana zuwa ganin likita kuma bai fasa shan magani ba. Ya yi mana addu'a mai tsawo. Ni dai duk gajiyar shekarar nan, a ranar na ji ta sauka.

Haka kuma mun gamu da mata da maza da dama da aka taɓa ɗora wa magani, suka sha na ɗan lokaci, da suka ji garau suka ajiye. Wannan ya ba mu damar yin bayanin da ya kamata: hawan jini yakan daɗe a jiki ba wata alama, yana cin jijiyoyi a hankali, sai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko ƙoda ta lalace. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna manya sama da biliyan 1 ne ke ɗauke da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Mun riƙa nuna wa masu jiran layi ƙaramin cokalin shayi, muna cewa gishirin da hukumar ta ba da shawarar babba ya ci a wuni kada ya kai giram 5, wato bai cika wannan cokalin ba, har da wanda ke ɓoye cikin kayan ɗanɗano da abincin gwangwani. Mun yi maganar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, da barin taba. Cokalin nan ya fi duk takardun da muka buga tasiri. Ina miƙa godiyar kwamiti ga ma'aikaciyar jinyarmu, da matasan da suka wuni a tsaye, da Hajiyar da ta ba mu aron rumfa da kujeru ba ta karɓi ko sisi ba. Allah ya saka da alheri.

To, daga nan ne labarin ya canza. Mun yi wa duk wanda muka ba takardar asibiti alkawarin za mu kira shi bayan wata guda mu ji ko ya je. Rajistar tana hannuna, kuma ba mu kira ko rabinsu ba. Na ji ana cewa sakaci ne na kwamiti. Ina roƙon mai wannan magana ya tambayi ma'aji abin da ya rage a asusu bayan an biya kuɗin buga takardu da batura. Kiran waya yana cin kuɗi, bin wanda wayarsa ba ta shiga har gida yana cin kuɗin mota da lokaci. Mu ukun da muka fara kiran da katin aljihunmu muka yi, har inda ƙarfinmu ya tsaya. Wani ya ba da shawarar a saka sunayen a zauren WhatsApp kowa ya ɗauki nasa. Na ƙi, kuma har gobe zan ƙi, don lafiyar mutum sirrinsa ce, amana suka ba mu da suka faɗi sunansu da lambarsu. Abin da ke hana ni barci shi ne, a cikin waɗanda ba mu kira ba akwai irin dattijon nan, waɗanda takardar tana nan a ninke cikin aljihu.

Awon ciwon suga da muka tsara don 14 ga Nuwamba bai yiwu ba. Na'urar muna da ita, amma kowane mutum ɗaya sai an yi masa amfani da sabon tsinken gwaji da sabuwar allurar tsira yatsa. Ragowar tsinkayen da ke akwatinmu wa'adinsu ya wuce, kuma ma'aikaciyar jinya ta ce ba za ta sa hannu a yi awo da su ba, don sakamakon ba abin dogaro ba ne. Gaskiyarta ce, kwamiti ya goyi bayanta. Wanda ya ce da an lallaɓa an yi da su don kada a ji kunya, ya sani gara mu ji kunyar soke taro da mu ce wa mai ciwo lafiyarsa ƙalau.

Batun gidan sauro kuma akwai rashin fahimta da nake so in gyara. Ƙungiya ba ta taɓa alkawarin sayen gidan sauro ta raba ba, a duba bayanan taro. Abin da aka amince shi ne, daga Ranar Zazzaɓin Cizon Sauro ta Duniya, 25 ga Afrilu, mu bi gida-gida mu ga ko waɗanda suka karɓa suna ratayawa, musamman inda ke da mai juna biyu ko yara 'yan ƙasa da shekara 5. Macen sauron da ke ɗauke da cutar da dare ta fi cizo, saboda haka gidan sauron da ke ninke cikin akwati bai tsare kowa ba. Mun kuma so mu tuna wa mutane cewa gidan sauro mai magani yakan yi kamar shekara 3 kafin ƙarfinsa ya ragu, a inuwa ake shanya shi, kuma in ya yage a ɗinke. An raba mu rukuni-rukuni, rukuni ɗaya ne kawai ya kammala zagayensa ya kawo rahoto. Sauran, ranar fita sai ka tarar da mutum ɗaya a tsaye yana jiran abokan tafiya har ya gaji ya koma gida.

Wurin wanke hannu da muka fara ginawa a makarantar firamaren da kuka sani, wanda muka so buɗewa ranar 15 ga Oktoba, an zuba dakalinsa, an tsaya a tanki da famfo. Kuɗin da aka tara bai ɓata ba, rasit ɗin siminti da na magini suna wurin ma'aji, duk mai so ya zo ya gani. Ni ne nake haɗuwa da shugaban makarantar, ni ne nake sunkuyar da kai duk lokacin da ya gaishe ni bai tambaya ba.

Ɓangaren mata ne kaɗai ya yi aikinsa daga farkon shekara har ƙarshe ba tare da ya nemi komai daga asusu ba. Suna bin iyaye mata suna duba katin rigakafin yara, suna tuna musu allurar ƙyanda idan yaro ya kai wata 9, suna bayanin cewa ko da yake an ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020, ɗigon rigakafin bai zama tarihi ba. Iyayenmu mata, mun gode, kun rufa mana asiri.

Yanzu maganar kuɗin wata. Wallahi na gaji da ita, ma'aji ma ya gaji. Mu ma masu sa kai ne, muna da iyali da sana'a kamar kowa, ba a biyanmu. Ba daidai ba ne a ce babban mutum sai an kira shi sau uku, ya ce gobe, gobe ta yi ya daina ɗaga waya. Wanda ba shi da hali ba da shi nake ba. Akwai waɗanda suka zo suka faɗa mana halin da suke ciki, aka ɗaga musu ƙafa ba wanda ya ji, wasunsu ma su ne suka fi kowa aiki ranar awo. Ina magana ne da wanda ba ya biya, ba ya zuwa taro, ba ya fita aiki, amma da an saka hoto a zaure shi ne na farkon gyara mana kuskure, in kuma zai nemi aiki ya zo yana son takardar shaidar cewa shi mamba ne mai himma. A bana na ƙi sa hannu a irin wannan takarda, kuma na sanar da shugaba dalilina.

Masu cewa mu nemi tallafin manyan ƙungiyoyi, mun nema. Abin da ake fara tambaya shi ne takardar rajista, bayanan asusun banki, da lissafin da mai binciken kuɗi ya duba. Duk mai buɗe littafinmu zai ga mambobin kansu ba sa zuba komai, to da wane baki za mu ce wani ya zuba? Masu cewa kuma wannan aikin hukuma ne, ba mu ce mun maye gurbin asibiti ba. Amma tun sanarwar Alma-Ata ta 1978, wadda aka fitar a taron duniya kan kula da lafiya a matakin farko, ƙasashen duniya suka amince cewa jama'a suna da haƙƙi, kuma nauyi ne a kansu, su shiga cikin tsarawa da aiwatar da kula da lafiyarsu. A kan haka aka kafa ƙungiyar nan, kuma kowa ya sa hannu da ya shigo.

Kwamiti zai gabatar da shawarwari biyu a babban taro mai zuwa. Na farko, kada a ɗauko wani sabon aiki sai an gama wurin wanke hannu kuma an kira kowa da ke cikin rajistar awo. Na biyu, a yi aiki da sashen tsarin mulki da ya yi magana a kan wanda ya daina biya kuma ya daina zuwa ba uzuri, bayan an rubuta masa takarda. Ma'aji zai zo da littafinsa da rasit gaba ɗaya. Ni kuma zan zo da rajistar, duk wanda ya shirya ɗaukar suna biyar ya kira ya kawo rahoto cikin mako biyu, ya same ni bayan an tashi, in ba shi hannu da hannu.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya